Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan tsingaro: Su Bingqi da tukwanen ƙasar Sin

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya da muke hirar daulolin ƙasar Sin, Ɗanjuma ya ce wai duk abin da ake faɗa game da zamanin da ba a fara rubutu ba shaci-faɗi ne. Na ce zan kawo masa mutum guda ya auna maganarsa da shi. Sunansa Su Bingqi, masanin ilimin tonon kufai don gano tarihi, wato archaeology. An haife shi a 1909 a gundumar Gaoyang ta lardin Hebei, ya rasu a 1997. Gidansu masu hali ne, harkar saƙa da rini suke yi, da ya ga dama da ya zauna cikin dukiya. Sai ya karanta tarihi a Beijing, ya gama a 1934, a shekarar aka tura shi tonon wani kufai mai suna Doujitai kusa da garin Baoji a lardin Shaanxi, ƙarƙashin wani malami Xu Xusheng. Suna wannan aiki har 1937 da yaƙin Japan ya tashe su.

Abin da ya yi ta fitowa daga kaburburan wurin wata tukunya ce da suke kira li. Ƙafa uku gare ta, kowace ƙafa kumburarriya ce kuma da rami a ciki, ruwa ko fate ya sauka cikin ƙafafun, wuta ta ratsa tsakaninsu. Tukunya ce da murhunta a jikinta. Sinawan arewa sun yi girki da irinta fiye da shekara dubu biyu. Da aka kwashe ma'aikatarsu zuwa Kunming saboda yaƙi, sai ya duƙufa kan waɗannan tukwane: shin an gina ƙafafun daban aka manna, ko daga jiki ɗaya aka fitar da su? Gindin da ƙafafun suka haɗu yana sama ko ya sauko? Ya kasa su gida huɗu, ya nuna yadda ƙafar ke gajercewa da tafiyar zamani har ta kusa ɓacewa. Ya aika rubutun Hong Kong don a buga, Japan ta kama garin a ƙarshen 1941, rubutun ya salwanta. Sai a 1948 rahoton Doujitai ya fito da taƙaitaccen bayanin a ciki.

Ɗanjuma:
Allah gafarta Malam, ai ka ƙara mini ƙarfi ne. Ana ruwan bama-bamai, mutane na gudun hijira, shi kuma yana zaune yana auna ƙafar tukunya? Kuma ƙafar tukunya ce za ta gaya maka wane ƙarni aka yi? Maginin nan ya ga dama ya yi doguwa, maƙwabcinsa ya yi gajera, a rana ɗaya. Ina tarihi a nan?

Hajiya Rabi:
Ɗanjuma ɗana, da ka tashi a gidan magina ba za ka ce "ya ga dama" ba. Kakata maginiya ce. Ba ta taɓa ganin dama ta sauya bakin tulu ba, yadda uwarta ta lanƙwasa shi haka take lanƙwasawa, da babban yatsa a ciki da ɗan tsumma jiƙaƙƙe a waje. A kasuwa daga nesa take cewa wannan randar ta tsallaken gulbi ce, wannan ta garinmu ce, har ta faɗi gidan. Hannu ba ya sauya abin da ya koya yana yaro sai a hankali, jika ta ɗan bambanta da kaka ba tare da ta sani ba. In mutumin nan ya gane haka, to ya san aikin.

Ɗanjuma:
Hajiya na ji, amma kakarki ta san masu ginin da idonta. Shi fa? Mutanen sun mutu tun shekara dubu uku.

Malama Binta:
Bari in shigo, tunda abin da nake koyarwa ke nan. Ɗanjuma, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta ba a siffar tukunya kaɗai take ba. Siffa tana ba ka jeri: wannan ta yi kama da waccan, waccan da ta gaba. Amma ba ta gaya maka ina ne farkon jerin ina ne ƙarshensa. Ƙasa ce ke faɗar wannan. Abin da ke ƙasa ya riga na samansa, ramin da ya yanka wani rami ya zo bayansa.

Ga misalin da nake so ɗalibaina su riƙe. A 1921 wani ɗan Sweden masanin duwatsu, Andersson, wanda gwamnatin Sin ta ɗauka aikin neman ma'adinai, ya tona a ƙauyen Yangshao na lardin Henan ya samu jajayen tukwane masu zanen baƙi. Ya ga sun yi kama da na Anau a Turkmenistan da na Tripolye a Yukiren, sai ya ce ƙila daga yamma sana'ar ta shigo. Ya bi sawu zuwa lardin Gansu, ya jera al'adun can, ya sa wata da ake kira Qijia a farko domin tukwanenta ba su da ado sosai, a ganinsa maras ado shi ne tsoho. A 1945 wani masani Basine, Xia Nai, ya tona wani kabarin Qijia a Yangwawan. Cikin ƙasar da aka mayar aka cike kabarin ya tsinci tsingaro biyu masu zane. Biyu tak. Ka ga ke nan lokacin da masu gawa suke haƙa, tukunya mai zanen ta riga ta fashe ta zama shara a cikin ƙasa. Wato mai zane ita ce ta riga, Qijia ta biyo baya. Jerin Andersson ya kife.

Kafin nan ma, a 1931, Liang Siyong ya samu hawa uku a Hougang kusa da Anyang: Yangshao a ƙasa, baƙaƙen tukwanen Longshan a tsakiya, kayan daular Shang a sama. Ka ce wannan shaci-faɗi ne?

Ɗanjuma:
Na tsingaro biyun nan ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu "wannan ya riga wancan" ne kawai. Shekarun fa?

Malama Binta:
Shekaru sai da gwajin kabon ya zo, wato auna sinadarin kabon da ya rage a gawayi ko ƙashi don a san daɗewarsa. Xia Nai ɗin nan shi ya matsa aka kafa ɗakin gwajin a Beijing, sakamakon farko ya fito a 1972. Abin lura, jerin da masu shafa tukwane suka yi da hannu mafi yawansa ya tsaya da aka gwada, sai gyare-gyare.

Nura:
Wannan zancen "daga waje aka kawo musu" ai mun san shi. Bajamushe Frobenius da ya ga kawunan Ife a 1910 cewa ya yi mutanen Atlantis, ƙasar almara da ake cewa ta nutse a teku, ne suka yi, don a ransa baƙar fata ba zai iya ba. Ashe har Sinawa an yi wa.

Malam Habu:
Nura, akwai kama, amma a yi wa Andersson adalci. Bai yi gardama da ƙasa ba. A littafinsa na 1943 shi da kansa ya ja baya, ya kuma soki ɗagawar Turawa masu ganin komai daga wurinsu ya fito. Abin takaicin labarinsa wani ne: an raba kayan da ya tono, rabi ya zauna a Stockholm, rabi aka mayar Sin, kuma rabin da aka mayar ɗin ne ya ɓace a rikicin yaƙi.

Mu koma kan mutuminmu. A 1952 aka buɗe sashen wannan ilimi a Jami'ar Peking, shi ya jagorance shi har 1982. Manyan fannin na bayansa irin su Yan Wenming da Zhang Zhongpei da Yu Weichao duk ta hannunsa suka bi. An san shi da ɗabi'a guda: in ya je inda ake tono, ɗakin ajiya yake shiga, a baza masa tsingaro a ƙasa, ya zauna yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana murzawa da yatsa, yana jin kaurin baki da sawun igiyar da aka buga a jiki. A 1958 ɗalibansa suka taso masa, suka ce wannan aikin 'yan jari-hujja ne, yana ganin kaya ba ya ganin mutane.

Auwalu:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni a Xi'an nake karatu, kuma kufan Banpo yana gabashin garin, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai ka har kusa da ƙofa. Ba Su Bingqi ne ya tona shi ba, Shi Xingbang ne, daga 1954 zuwa 1957, bayan an yi karo da wurin a 1953 ana aikin gini. A 1958 suka yi rufi a kan ramin suka mai da shi gidan tarihi, kana tafiya a kan dakali kana leƙa ƙauyen a ƙasanka.

Ƙauye ne na kimanin shekara dubu shida. An kewaye shi da rami mai zurfin mita biyar zuwa shida. A ciki ɗakuna ne, wasu zagaye wasu masu kusurwa huɗu, an ɗan nutsa daɓensu cikin ƙasa, ana ganin ramukan ginshiƙai a jere da gurbin wuta a tsakiya. Wurin gashin tukwane yana wajen ramin ta gabas, maƙabartar manya tana arewa. Yara kuwa ba a kai su can ba. A cikin manyan tukwane aka sa su, aka kife da kwano, aka binne a gefen ɗakunan kwana. Sau da yawa akwai 'yar huda a jikin murfin. Wannan sanannen kwanon mai zanen fuskar mutum da kifi a gefen bakinsa, wanda ke cikin littattafan makaranta a nan, murfin irin wannan tukunyar ne.

Hajiya Rabi:
Allahu Akbar. Uwa uwa ce ko a ina. Ba ta yarda a kai shi nesa ba.

Auwalu, jan nan na tukwanen, shafe ne ko yumɓun ne? Kuma na ji an ce baƙaƙe a sama.

Auwalu:
Mama, akasari yumɓun ne ya yi ja a wuta, wasu kuma an yi musu shafe kafin zane. Da hannu aka gina su, ana murza yumɓu kamar igiya ana ɗorawa. Baƙaƙen na Longshan ne, sun zo baya, galibi daga lardin Shandong. Wu Jinding ne ya gano wurin a Chengziya a 1928. Su da faifai mai juyawa da sauri aka yi su, akwai kofuna masu doguwar ƙafa da kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba.

Hajiya Rabi:
To baƙin hayaƙi ne. In wuta ta kusa gamawa ka toshe ta, ka danne da ƙaiƙayi ko ɗanyen ganye, hayaƙin ya shige jikin tukunya. In an goge ta da dutse mai santsi tun tana ɗanya sai ta fito tana ƙyalli. Amma ƙasa da milimita? Wanda ya yi wannan ba ya noma, ba ya kiwo. Wani ne ke ciyar da shi.

Malama Binta:
Hajiya, kin faɗi abin da masana suka cika shafuka a kansa. Irin waɗannan kofuna a kaburburan manya ake samunsu, ba a na kowa ba. Daga nan ake gane an fara samun masu sarauta da masu sana'ar da ba sa komai sai yi musu aiki. Ɗaliban 1958 da suka ce mai duba tukunya ba ya ganin mutane, da sun ji ki.

Ustaz Lawal:
Ni abin da ke damuna a wannan fanni shi ne tonon kaburbura. Ko ba Musulmi ba ne, ɗan Adam yana da alfarma. A fito da ƙashin yaro a sa a gilashi mutane na ɗaukar hoto, wannan bai kwanta mini ba.

Malama Binta:
Allah ya gafarta Malam, ba kai kaɗai ba, cikin masu fannin ma ana wannan muhawara, kuma gidajen tarihi da yawa sun janye ƙasusuwa daga idon jama'a. Sai dai yawancin tonon da ake yi na ceto ne: za a yi dam ko hanya ko masana'anta, in ba a kwashe ba katafila ce za ta niƙe. Miaodigou da za mu zo kansa, saboda dam ɗin Sanmenxia aka tona shi a 1956 da 1957. Kuma kaso mafi girma na aikin ba kabari ba ne, juji ne da ramukan hatsi da daɓen ɗaki.

Ustaz Lawal:
Na ji uzurin ceto. Na nuni a gilashi ne ban karɓa ba. Ku ci gaba.

Malam Habu:
To a 1965 Su Bingqi ya fitar da wata maƙala kan al'adar Yangshao. Kafin nan duk jar tukunya mai zane Yangshao ce kawai, daga Henan har Gansu. Shi ya ware abubuwa kaɗan ya bi su: wani tulu mai ƙaramin baki da tsinin gindi, da zanen kifi, da na tsuntsu, da na fure. Tulun Banpo bakinsa kamar an ɗora ɗan kofi, na Miaodigou leɓe biyu gare shi. Banpo kifi, Miaodigou fure da tsuntsu. Ya ce jama'a biyu ne masu tushe ɗaya, kowacce da hanyarta.

Daga nan tunanin ya girma. A 1981, shi da Yin Weizhang suka buga ra'ayin da ya yi suna da shi. Tun daga tsofaffin littattafan tarihinsu, abin da ake koyarwa shi ne wayewa ta tsiro a tsakiyar kwarin Rawayen Kogi ta bazu zuwa ga sauran, su kuwa na gefe jira suke a kawo musu. Shi ya ce tukwane ba su nuna haka ba. Ya kasa ƙasar yanki shida: arewa wajen duwatsun Yan da Babbar Ganuwa, gabas wajen Shandong, tsakiya, kudu maso gabas wajen tafkin Tai, kudu maso yamma wajen tafkin Dongting da Sichuan, sai kudu daga tafkin Poyang zuwa bakin kogin Pearl. Kowanne da jerin tukwanensa tun daga tushe, ba aro ba. Ya kwatanta abin da sama cike da taurari.

Ƙasa kuma ta yi ta ba shi shaida. Hemudu a Zhejiang, da aka fara tonawa a 1973, ga shinkafa jibge da gidajen katako na kimanin shekara dubu bakwai, alhali arewa gero suke ci. A Niuheliang ta lardin Liaoning, can bayan Babbar Ganuwa inda ake ɗauka ƙasar makiyaya ce kawai, a 1983 aka samu wani ɗakin bauta da kan mace na yumɓu mai girman na mutum, an sa masa idanu na dutse mai sheƙi, ga kaburburan duwatsu an jera musu wasu tukwane marasa gindi a kewaye. Shekara dubu biyar zuwa dubu biyar da ɗari biyar.

Barista Kabiru:
Malam, na bari ka kai nan ne da gangan. Labarin ya yi daɗi da yawa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ku duba lokacin. Bayan mutuwar Mao aka sassauta wa larduna, kowane lardi ya samu cibiyar tononsa da kuɗinsa da gidan tarihinsa. Me shugaban cibiyar Liaoning ko Zhejiang yake so ya ji? Cewa lardinsa ma tauraro ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wani masanin fannin, Lothar von Falkenhausen, ya yi rubutu a kan wannan tun shekarun 1990. Na biyu, taurarin nan duk ina suka dosa a ƙarshe? Ƙasa ɗaya al'umma ɗaya. A 1988 masanin zamantakewa Fei Xiaotong ya gabatar da laccarsa ta "yawa cikin haɗin kai" a Hong Kong, kuma gwamnati ta rungumi wannan harshe har yau. An faɗaɗa da'irar ne kawai, yadda iyakokin ƙasar na yau za su zama kamar tun fil azal suke. Mutumin Niuheliang bai san shi Basine ba ne.

Malam Habu:
Barista, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma Su Bingqi mai kishin ƙasa ne, bai ɓoye ba, har yana kiran a kafa mazhabar Sin a wannan ilimi. Amma shinkafar Hemudu ba gwamna ne ya shuka ta ba. Masanin fannin K. C. Chang a Amurka yake aiki a lokacin, babu lardin da ke biyansa, a bugun farko na littafinsa kan tsohuwar Sin ya tafi a kan cibiya ɗaya, a bugu na huɗu a 1986 ya sauya ya koma kan yankuna masu cuɗanya da juna, domin hujja ta yi masa yawa.

Barista Kabiru:
Ban ce an ƙirƙiri shinkafa ba. Na ce fassarar ce ake ja. A Banpo ɗin da Auwalu ya je, shekara da shekaru ana gaya wa baƙi wai mata ne ke mulki a ƙauyen. Daga ina? Daga rubuce-rubucen Engels, abokin Karl Marx, da Morgan, domin aƙidar gwamnati ta ce dole kowace al'umma ta bi ta wannan mataki. Ba daga ramin aka tono shi ba. Kuma a cikin gida ma ba kowa ya bi Su ba. An Zhimin, wanda ya tona Miaodigou, ya ce kiran Niuheliang wayewa gaggawa ce, ba birni, ba rubutu, ba tagulla. Xia Nai ma bai yi na'am da zancen mazhabar Sin ba.

Auwalu:
Yaya Barista, na mulkin mata har yanzu masu zagayawa da baƙi suna faɗa, amma malamanmu a aji suna ɗaga kafaɗa.

Akwai ma wani. Tulun nan mai tsinin gindi, an daɗe ana cewa na ɗiban ruwa ne, wai in ka zura shi a kogi da igiya zai kife da kansa ya cika ya miƙe. Yara na haddace wannan. Da aka gwada da tulunan gaske, akasarinsu ba su yi haka ba. Daga baya ƙungiyar Li Liu ta Jami'ar Stanford ta kankare dattin cikin kayan wani wuri Mijiaya, nan kusa da Xi'an, suka buga a 2016: gero da sha'ir da saiwoyi, da alamar an tsiro da hatsin an dafa. Giya ake yi, shekara kusan dubu biyar. Sun ci gaba da duba tuluna masu tsinin daga wasu wurare suka samu irin haka. A ganinsu tsinin na taruwar dusa ne, ƙaramin bakin don a liƙe.

Ɗanjuma:
Ato! Shekara hamsin ana cewa tulun ruwa, ashe na burkutu ne. Malam Habu, ina shaci-faɗin da ka ce babu?

Malama Binta:
Ɗanjuma, wa ya gano kuskuren? Ba mai gardama a zaure ba, wanda ya koma cikin tulun ne da madubin ƙara girma. Kuma in ƙara wa Barista makami da hannuna: Su Bingqi kansa bai dace ba a wani ɓangare na maƙalar 1965. Ya ɗauka Banpo da Miaodigou zamani ɗaya suka yi gefe da gefe. Wuraren da aka samu ɗaya a kan ɗaya, da gwajin kabon, sun nuna Banpo ce gaba, Miaodigou ta biyo daga wajen shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗalibinsa Yan Wenming yana cikin waɗanda suka tsaya a kan haka. Shi Yan ɗin ma bai bar taurarin a warwatse ba, ya ce yankin tsakiya yana da matsayi na daban domin shi ke karɓa daga kowane ɓangare.

Inda nake tare da Barista ɗari bisa ɗari shi ne tukunya ba ƙabila ba ce. Mace ta yi aure a wani gari ta tafi da hannunta, 'yan kasuwa su kai kaya, talakawa su kwaikwayi na fada. Duk wanda ya ce maka wannan bakin tulu na kakannin wane ne, ka riƙe aljihunka. Inda na rabu da shi, kafin Su Bingqi in an tono abu mai kyau a kudu tambayar ita ce yaushe ya iso daga tsakiya. Bayansa tambayar ta zama me ya gabace shi a nan wurin. Liangzhu, kufan wani tsohon birni a Zhejiang, da ganuwarta da madatsun ruwanta, wadda UNESCO ta sa a jerinta a 2019, da tambayar farko aka tunkare ta da an daɗe ba a fahimce ta ba.

Barista Kabiru:
Kuma shigar Liangzhu jerin UNESCO aka yi ta shela da ita a matsayin hujjar shekara dubu biyar ta wayewar Sin. Kin ga mun dawo inda na tsaya.

Malama Binta:
Mun dawo. Ganuwar dai tana nan ko an yi shela ko ba a yi ba.

Sadiya:
Anti Binta, ni wannan kwas aka ba ni a jami'a ba shi na nema ba, a gida ana ta cewa in sake jarrabawa. Na karanta duk abin da kuka rubuta. A nan ƙasar akwai mai yin irin aikin mutumin nan?

Malama Binta:
Ƙanwata, ba zan yi miki daɗin baki ba, guraben aiki kaɗan ne: koyarwa, hukumar gidajen tarihi, sai ɗan aikin bincike in an samu tallafi. Amma aikin kansa yana nan jibge. Dubi Nok. Tun zamanin Bernard Fagg a shekarun 1940 hankalin duniya na kan kawunan nan na yumɓu, masu haƙar sata suka yi ta farfasa wurare suna neman na sayarwa, suna watsar da tukwanen girki. Da ƙungiyar Jami'ar Frankfurt ta fara aiki a 2005, Gabriele Franke ta zauna kan tsingaron da ba mai so, ta jera su farko da tsakiya da ƙarshe. Da wannan da gwajin ƙwayoyin gero aka gane mutanen sun zauna a wurin tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƙarnuka kafin su fara yin kawunan. Aikin Doujitai ke nan sak. Kufai nawa ne a ƙasar Hausa da ba wanda ya taɓa jera tukwanensu? In kina da haƙurin wanke tsingaro da buroshi kina rubuta lamba a bayan kowanne, ki zauna. In babu, ki sake jarrabawar, ba abin kunya ba ne.

Nura:
A ƙara da cewa tsofaffin tukwanen duniya ba a wurin manoma aka same su ba. Na kogon Xianrendong a lardin Jiangxi an ba su kimanin shekara 20,000 a binciken 2012, mafarauta ne suka yi. Na Ounjougou a Mali sun kai wajen 9400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babu wanda ya koya wa wani.

Ɗanjuma:
Ni dai na rage kuɗin maganata, ban janye ta duka ba. Jeri na yarda, shekaru na yarda. Abin da ke cikin ran mutanen, da wa ke mulki, da sunan da suke kiran kansu, wannan har gobe hasashe ne, kuma Barista ya nuna mai biyan kuɗin tono yana da baki a ciki.

Malam Habu:
A kan wannan ba mu da faɗa.

Hajiya Rabi:
Auwalu, in ka koma wurin nan ka ɗauko mini hoton cikin tulun mai tsini, wanda ya fashe, ta wajen gindin. Ina so in ga ko daga tsinin suka fara ɗora yumɓun ko a kife suka gina shi suka rufe daga ƙarshe. Abu mai tsini ba ya zama a ƙasa yana ɗanye, dole akwai dabarar da suka yi.

Auwalu:
To Mama, in sha Allahu. Akwai fasassu a cikin gilashi, sai dai hasken wurin ba shi da ƙarfi, zan gwada ta gefe.